RIBAƊIN ZUCIYA: IBADA A GOMAN ƘARSHE NA WATAN AZUMI

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zan fara wannan lacca da ɗan tarihi, domin shi zai buɗe mana ƙofar abin da muka taru dominsa. Bayan rasuwar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1817, ɗansa Muhammadu Bello ya zama Sarkin Musulmi. Bai kwanta a Sakkwato ya miƙe ƙafa ba, sai ya riƙa kafa garuruwan tsaro a bakin iyaka, waɗanda ake kira ribaɗi. Magarya tana cikinsu, har ma Baturen nan na Birtaniya, Clapperton, ya sauka a cikinta a 1826. Daga baya Bello ya mai da Wurno mazauninsa, a can ya rasu a 1837, a can kuma hubbarensa yake.

Ma'anar ribaɗi ita ce mutum ya ɗaure kansa a wuri guda, ya yi gadi, kada abokin gaba ya shigo cikin dare. To, amma a hadisin da Imamu Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa, Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya kira waɗansu ayyuka uku da wannan suna: cika alwala a lokacin da yin ta ke da wuya, da yawaita tattaki zuwa masallaci, da zaman jiran salla bayan salla. Watau ke nan akwai ribaɗin ganuwa, akwai kuma ribaɗin zuciya. Goman ƙarshe na Ramalana su ne lokacin wannan na biyun.

Darajar waɗannan darare

Dalilin fifikonsu shi ne Lailatul Ƙadari, daren da aka saukar da Alƙur'ani. Sura ta 97 ta bayyana cewa ya fi wata dubu alheri. In aka lissafa, wata dubu shekara 83 ne da wata 4, tsawon ran da ba kowa ke samu ba. Allah ya ɓoye daren, aka umurce mu da nemansa a dararen mara, watau 21, 23, 25, 27 da 29. Sahabi Ubayyu ɗan Ka'abu ya tsaya a kan daren 27, shi ya sa masallatanmu ke cika maƙil ran nan. Amma malamai da yawa suna ganin daren yana yawo daga shekara zuwa shekara. Saboda haka wanda ya raya dare guda ya kwanta a sauran, kamar mai gadi ne da ya zaɓi dare ɗaya ya ce ran nan ɓarawo zai zo.

A nan akwai kuskuren lissafi da ya kamata a gyara. A ƙidayar Musulunci dare ke gabatar rana. Daren 21 yana farawa ne da faɗuwar ranar azumi na 20. Wanda ya jira sai ya sha ruwan azumi na 21, daren farko ya riga ya wuce shi. Haka kuma in wata ya yi nuƙusani ya tsaya a 29, goman nan tara ne kawai.

Nana A'isha ta ba da labari, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa in goman nan suka shigo Manzon Allah yakan ƙara ɗamara, ya raya dare, ya ta da iyalinsa. A lura da wannan na ƙarshe. Matan da suka wuni a bakin murhu suna dama kunu da fura, su ma suna da rabo a daren, kuma haƙƙin maigida ne ya rage musu ɗawainiya.

Hukuncin i'itikafi

I'itikafi shi ne lazimtar masallaci da niyyar ibada. Annabi yakan yi na kwana goma kowace shekara, a shekarar da ya yi wafati kuwa ya yi ashirin. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda ɗalibai ke karantawa a Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, ba ya inganta sai da azumi, kuma sai a masallaci. In Jumma'a za ta faɗo cikin kwanakin, to, sai a masallacin Jumma'a. Mai i'itikafi yakan shiga kafin faɗuwar rana, ba ya fita sai don larurar ɗan Adam. Ba ya zuwa gaida maras lafiya, ko jana'iza, ko kasuwanci. Wanda ya yi na goman ƙarshe, an so ya kwana a masallaci daren Salla, daga nan ya wuce filin Idi. Aikinsa salla ne, da tilawa, da zikiri, ba hira ko duba wayar hannu ba.

Manomi, ɗalibi da ma'aikaci

Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da wajen kwana 11, don haka azumi ke zagaya yanayi duka a cikin kimanin shekara 33. A 1980 ya faɗo cikin damina, a 2024 kuwa cikin zafin bazara. Manomin albasa da tafarnuwa a fadamar Wurno, ko mai noman shinkafa a ƙarƙashin madatsar ruwan Goronyo, ba lalle ya iya barin shukarsa kwana goma ba. I'itikafi ba farilla ba ne, ciyar da iyali kuwa wajibi ne. Irin wannan sai ya kiyaye sallar Lisha da Asuba cikin jam'i, ya tashi a sulusin dare na ƙarshe ya yi abin da ya sawwaƙa, ya yawaita roƙon afuwa, wadda ita ce addu'ar da Annabi ya koya wa Nana A'isha don wannan dare.

Ku kuwa ma'aikata, ga inda gizo ke saƙa. Mutum ya kwana yana tahajjudi, gari ya waye talaka ya biya kuɗin mota daga Rabah ko Goronyo, da azumi a bakinsa, ya tarar da ofis a kulle, ko akawu yana gyangyaɗi a kan takardarsa. Tahajjudi nafila ce, aikin da ake karɓar albashi dominsa kuwa amana ce, ba a biyan nafila da kuɗin farilla. Mai son i'itikafi ya nemi hutunsa na shekara tun da wuri. Ɗalibi shi ma ya raba darensa, kada ya mai da ibada hujjar faɗuwa jarrabawa.

Daga ƙarshe, kada a manta da zakkar fid da kai, mudun Nabi huɗu na abincin da aka fi ci a gari, gero ko dawa ko shinkafa, a fitar wa kowane mutum na gida kafin sallar Idi. Bello ya tsare iyaka ne don talaka ya yi barci lafiya. Ribaɗin da bai amfani maƙwabci ba, da sauransa.

Allah ya sa mu dace da wannan dare, ya karɓi ibadunmu.