Mai Riƙe da Makullin Gidan Wasa

Idan wasan kwaikwayo ya tashi, ɗan wasa ake tafa wa. Ba mai tambayar wanda ya sayi man janareta, ko wanda ya zauna ya lissafa tikiti nawa za a sayar kafin kuɗin da aka zuba su dawo. Wannan aikin manajan gidan wasa ne, kuma labarin Gidan Wasan Ƙasa da ke Iganmu a Legas ya nuna abin da ke faruwa idan aka raina shi.

An kammala ginin a 1976 saboda bikin FESTAC na 1977. Wani kamfanin Bulgeriya ne ya gina shi, ya kwaikwayi fasalin wani zaure da ke birnin Varna, kuma a lokacin babban ɗakinsa na cin mutum 5,000. Biki ya watse, aka bar ma'aikata suna jiran kason gwamnati. Rufi ya soma yoyo, na'urorin sanyaya ɗaki suka mutu, babban ɗakin ya shekara da shekaru a garƙame. Sai a 2020 aka danƙa gyaran ginin ga Babban Bankin Najeriya da kwamitin shugabannin bankuna, a 2024 kuma aka sa masa sunan Wole Soyinka.

Gyaran gini, in da kuɗi, ba wuya. Wuyar tana ga cika shi da mutane mako bayan mako. Manaja ne ke tsara jadawalin shekara, ya san daren da za a ba ƙungiyar wasa da ranar da za a bayar da haya ga masu biki, don kuɗin bikin ne sau da yawa ke ciyar da wasan. Shi ke ƙulla yarjejeniya da 'yan wasa, ya bi kamfanoni neman tallafi, ya tabbatar ƙofofin fita a buɗe suke ranar cunkoso. Kujerar da ta kwana babu kowa yau, an yi asararta ke nan, ba a ajiye ta a sayar gobe.

Sassan nazarin wasan kwaikwayo na jami'o'i irin su Ibadan, Jos da Ahmadu Bello ta Zariya suna koyar da wannan fanni na gudanar da gidan wasa. Sai dai yawancin ɗalibai dandali suke hari, ko gaban kyamara. A ganina wanda ya iya lissafi, ya iya haƙuri da halin mawaƙa da 'yan wasa (ba ƙaramin aiki ba ne wannan), ya fi su samun gurbi, domin gidajen al'adu na jihohi, gidajen sinima da masu shirya bukukuwa duk irinsa suke nema.