Rigimar Kafintoci da Ta Haifi Jitar Martin

A farkon ƙarni na 19, a garin Markneukirchen na ƙasar Jamus, sana'a ba a shigarta da ka. Kowace tana da ƙungiyarta, kowace ƙungiya tana kishin gonarta. Masu ƙera goge irin na Turawa suka ce duk wani kayan kiɗa mai tsirkiya nasu ne, kafintoci su tsaya a kan kujeru da akwatuna. Kafintocin kuwa sun riga sun ƙware wajen haɗa jita, suka ce ba su san zancen ba. Aka yi ta kai ƙara gaban hukuma shekara da shekaru.

Cikin waɗanda rigimar ta ritsa da su akwai Christian Frederick Martin, ɗan kafinta, haifaffen 1796. Ɓangarensu ne ya yi nasara, amma shi ransa ya riga ya fita daga garin. A 1833 ya kwashe iyalinsa ya shiga jirgin ruwa sai Amurka, ya buɗe shago a birnin New York. Hayaniyar birnin ba ta karɓe shi ba, don haka bayan 'yan shekaru ya koma Nazareth, wani ƙaramin gari a jihar Pennsylvania mai cike da masu jin Jamusanci. Har yau masana'antar jitar Martin tana garin.

Sirrin jitarsa yana inda ido ba ya gani. Fuskar jita siririn katako ne. In ya yi kauri murya ta mutu, in ya yi laushi jan tsirkiya ya tsaga shi. Tun wajen shekarun 1840 gidan Martin ya rungumi dabarar liƙa sanduna biyu a gicciye ta ciki, su tallafi katakon ba tare da sun shaƙe shi ba. A lokacin, tsirkiyar hanjin dabba ake ɗaurawa. Sai da aka koma ta ƙarfe, mai tsananin ja, bayan tsohon ya daɗe da rasuwa a 1873, sannan aka ga cikakken amfanin dabarar.

Jikansa Frank Henry ya gaji gidan a 1888 yana ɗan shekara 22. A zamaninsa, a 1916, aka ƙera wata jita mai faɗin ƙugu da amo, aka raɗa mata suna Dreadnought, sunan wani katafaren jirgin yaƙin Ingila. Da farko ba ta yi kasuwa ba. Yau siffarta ce kusan kowa ke kwaikwayo.

Gado dai ba ya hana karaya. A 1977 ma'aikata suka tafi yajin aiki, matasa kuma suka karkata ga kiɗan lantarki, har a 1982 jitar da aka ƙera ba ta wuce dubu uku da 'yan kai ba. A haka Chris Martin, na shida a jerin zuriyar, ya karɓi ragama a 1986. Sa'arsa ta zo a 1992, da mawaƙi Eric Clapton ya zauna gaban kyamarar tashar MTV da tsohuwar Martin a cinya, ba lantarki ba komai. Kafin 2004 ta ƙare sun ƙera jita ta miliyan ɗaya.

Akwai abin da ya ƙona musu rai. Wajen ɗaukar fim ɗin The Hateful Eight na 2015, sun ba da aron wata jita ta shekarun 1870 daga gidan tarihinsu. Jarumi Kurt Russell, da zaton ta bogi ce aka miƙa masa, ya maka ta da ginshiƙi ta yi raga-raga. Tun daga nan suka rufe ƙofar aro ga masu fim.

A 2021 Chris ya sauka daga gudanarwar yau da kullum, aka ɗauko bare ya riƙe, amma mallakar kamfanin tana hannun iyalin.