BABI NA UKU: TASIRIN SINADARAN SAƘO A KAN ƘWAYOYIN MAKROFEJ A CUTAR TSARGIYA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yanayin ƙasar Gaya da Ajingi, da irin dogaron da jama'arsu suka yi da fadamu da kududdufai wajen noman rani da su da wanki. A wannan babi kuwa za a duba abin da ke gudana a jikin mutumin da tsargiya ta daɗe tare da shi, musamman yadda sinadaran saƙo na garkuwar jiki suke sarrafa ƙwayoyin makrofej.

3.1 Ma'anar Makrofej da Sinadaran Saƙo

Makrofej wata babbar ƙwayar halitta ce daga dangin fararen ƙwayoyin jini. Aikinta shi ne haɗiye ƙwayoyin cuta da share matattun ƙwayoyin jiki da kuma taimakawa wajen warkar da rauni. Masanin nan ɗan ƙasar Rasha, Elie Metchnikoff, shi ne ya bayyana wannan ɗabi'a ta haɗiya a shekarar 1882. Sinadaran saƙo kuwa, wato saitokin, ƙananan furotin ne da ƙwayoyin garkuwa suke fitarwa domin isar da umarni ga junansu. Makrofej ba ta da ɗabi'a guda tabbatacciya. Saƙon da ya riske ta shi ke zaɓa mata aiki.

Masana sun kasa wannan aiki gida biyu. Na farko shi ne halin faɗa. A shekarar 1983 Carl Nathan da abokan aikinsa suka nuna cewa sinadarin intaferon-gama ne ke zaburar da makrofej ta kashe ƙwayoyin cutar da ta haɗiye. Na biyu shi ne halin gyara, wanda rukunin Siamon Gordon na Jami'ar Oxford ya bayyana a 1992, cewa sinadarin IL-4 ke haddasa shi. Daga shekarar 2000 ne aka fara kiran waɗannan halaye M1 da M2, ko da yake a jikin ɗan Adam akan sami makrofej da ke tsaka-tsaki.

3.2 Yadda Ƙwan Tsutsa Ke Jawo Daɗaɗɗen Kumburi

Theodor Bilharz ne ya gano tsutsar tsargiya a Alƙahira a 1851. Ƙananan katantanwa na ruwa ne ke renon 'ya'yanta, su kuma su huda fatar wanda ya shiga ruwan. Nau'in Schistosoma haematobium yana zama a jijiyoyin jini na mafitsara, shi ke kawo fitsarin jini, yayin da Schistosoma mansoni yake taɓa hanji da hanta. Abin lura a nan shi ne, ƙwan tsutsar ya fi ita kanta ɓarna. Macen tana saka ɗaruruwan ƙwai a kullum. Wasu su fita ta fitsari ko bayan gida, wasu su maƙale a tsokar mafitsara ko hanta.

Kowane ƙwai da ya maƙale, makrofej da sauran ƙwayoyin garkuwa sukan kewaye shi su yi masa ƙullutu. A makonnin farko intaferon-gama ne ke da rinjaye. Da zarar an fara saka ƙwai, wajen mako na shida, sai IL-4 da IL-13 su karɓi ragama, makrofej ta koma halin gyara. A wannan hali takan sarrafa sinadarin ajinin ta hanyar da ke samar da kayan gina kolajin, wato zaren da jiki ke ɗinke rauni da shi. IL-13 kuma yakan umarci ƙwayoyin da ke saƙa wannan zare kai tsaye.

3.3 Amfani da Illa

Wannan hali yana da amfani, domin ƙullutun yana tsare dafin ƙwai daga lalata hanta. Gwajin da aka yi a Jami'ar Cape Town a 2004 ya nuna cewa ɓerayen da makrofej ɗinsu ba ta karɓar saƙon IL-4 sun mutu tun a farkon cutar. Amma idan ƙwai ya ci gaba da taruwa shekara da shekaru, sai ɗinkin ya wuce kima ya zama tabo. A hanta tabon yakan takure jijiyoyin jini, saifa ta kumbura, har a kai ga aman jini. A mafitsara yakan toshe hanyar fitsari ya illata ƙoda. Tun 1994 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya wannan tsutsa cikin abubuwan da ke haddasa dajin mafitsara. Sinadarin IL-10 ne ke zama linzami, yana rage ƙarfin ɓangarorin biyu, shi ya sa ƙullutun kan ƙanƙance idan cutar ta daɗe.

3.4 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa yaron da ke iyo a kududdufi a Gaya ko Ajingi yana tara tabo ne a hankali, ko da iyayensa sun ɗauki fitsarin jini a matsayin alamar balaga. Maganin firazikwantel, da ake bayarwa miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki, yana kashe tsutsar, ta haka ya katse tushen saƙon da ke ingiza makrofej. Tabon da bai tsufa ba yakan ragu bayan magani, amma wanda ya riga ya ƙandare da wuya ya koma. Saboda haka ba yara 'yan makaranta da almajirai magani da wuri, kuma a kai a kai, shi ne matakin da ya fi dacewa da wannan yanki.