Kafin magini ya aza tubali, mu yi maganar taga

Ƴan uwa mata, ƙungiyoyinmu da dama sun kai ga gina ɗakin kansu da kuɗin asusu: magazar ajiye gyaɗa da wake, ko ɗakin ɗinki da tuyar ƙuli-ƙuli. Mukan daɗe muna lissafin siminti da kwano, amma maganar taga sai mu bar wa magini. Alhali kuwa lafiyarmu da ribarmu suna nan.

A watan Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40. Ɗakin kwano mai ƙofa guda yakan zama tanda, kafin azahar kowa ta tsere gindin bedi, aiki ya tsaya. Hayaƙin itace in bai samu mafita ba, idanunmu da ƙirjin yaran da muke goye yake shiga. Tarin fuka da sanƙarau ma sun fi yaɗuwa inda aka cunkushe babu iska.

Ga ribar kuma. Manoman albasa na jihar Tawa suna ajiye ta cikin rudu, sama da ƙasa, iska na ratsa ta, har ta yi tsada su fitar. Gyaɗar da aka kulle a ɗaki mai gumi kuwa fumfuna take yi, ta yi ɗaci, mai saye ya karya kuɗinta. Mai ɗinki da ke da haske ba ta biyan kuɗin wuta da rana tsaka.

Abin da za mu gaya wa magini:

Taga biyu masu kallon juna, kudu da arewa, don rana da ruwan gabas kar su buge su. Ƙananan kafofi can sama kusa da rufi, saboda iska mai zafi sama take hawa. A sa musu raga don sauro da ɓera. A ɗaga rufin, a yi rufin ciki ko da na zana ne. A shafa farar ƙasa, haske ya yawaita. Murhu kuma a waje, ƙarƙashin rumfa.

Kar mu raina ginin ƙasa. A Dandaji, ƴar ƙasarmu Mariam Kamara ta tsara kasuwa da tubalin ƙasa, da inuwa a sama, iska na wucewa.

Fasa bango daga baya kuɗi biyu ne. Ranar zubi mai zuwa, mu zana ɗakin a ƙasa tukuna, mu nuna inda kowace taga za ta zauna, sannan a buɗe akwati.