Gwajin ɗan tayi ba tare da an taɓa shi ba: ina aka kwana?

Tun haihuwar Louise Brown a Ingila a 1978, haɗa ƙwan mace da maniyyin namiji a ɗakin gwaji, wato IVF ko FIV a Faransanci, ya share hawayen ma'aurata da dama. Sai dai ba kowane ɗan tayi da aka dasa ke kama ciki ba. Wani kuma ya kama ya zube.

Wani babban dalili shi ne kuromosom, wato ƙunshin ƙwayoyin gado. Ƙwayar halittar ɗan Adam tana da 46. Idan aka samu ƙari ko ragi, yawanci ɓari ke biyo baya, kuma haɗarin yana ƙaruwa da shekarun mace.

Domin gano haka, likitoci kan jira ɗan tayi ya kai kwana 5 ko 6, su cire 'yan ƙwayoyi daga ɓangaren da zai zama mabiyiya, su auna. Aikin yana buƙatar ƙwararren hannu da kayan aiki masu tsada.

Sabuwar hanyar ba ta taɓa ɗan tayin. Ruwan da aka raine shi a ciki ake ɗiba, domin yakan zubar da ɓurɓushin DNA a ciki. Masu bincike a China sun wallafa sakamakon irin wannan gwaji a 2016.

Amma akwai sauran rina a kaba. DNA ɗin da ke ruwan kaɗan ne, kuma yakan gauraya da na uwa daga ƙwayoyin da suka kewaye ƙwan. Sakamako na kuskure kan iya sa a ajiye lafiyayyen ɗan tayi gefe, alhali wataƙila shi kaɗai ma'auratan suke da shi. Shi ya sa ƙungiyar likitocin haihuwa ta Turai, ESHRE, a 2023 ba ta ba da shawarar a riƙa amfani da shi yau da kullum ba. A Faransa ma, dokar 2021 ba ta halatta tantance adadin kuromosom ga kowa ba.

Ma'auratan da ke tsallaka iyaka neman haihuwa, bayan sun tara kuɗi da ƙyar, ya dace su tambayi likita kafin su biya: shin gwajin yana ƙara damar haihuwa, kuma me za a yi da ɗan tayin da aka ce yana da matsala?