KIWON KYANWA A GIDA: JAGORA GA MAI SON FARAWA

Kyanwa, wadda ake kira mage, daɗaɗɗiyar abokiyar zaman ɗan Adam ce. Asalinta kyanwar daji ce irin wadda har yanzu ake samu a dazuzzukan Afirka da Gabas ta Tsakiya. Lokacin da mutane suka fara noma suna tara hatsi, ɓeraye suka biyo hatsin, ita kuma ta biyo ɓerayen, zama ya haɗa su. A tsibirin Kubrus an tono wani kabari mai kimanin shekara 9,500, aka tarar an binne mutum da kyanwa kusa da shi.

Amfaninta a gida bai ɓuya ga kowa ba. Tana tsare rumbu da ɗakin ajiya daga ɓarnar ɓera. Ban da wannan, ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a shekarar 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ajiye kyanwa cikin hanyoyin rage ɓera a gida, tare da rufe abinci da nesanta juji daga wurin zama. Sai dai kyanwar da aka yi sakaci da ita, ita kanta tana iya kawo wa iyali cuta. Saboda haka aka shirya wannan ƙasida domin wanda zai ɗauko kyanwa karo na farko.

1. Kafin ka ɗauko ta

Kyanwar da ake kula da ita takan rayu shekara 12 zuwa 15, wata ma ta zarce haka. Duk tsawon wannan lokaci cinta da shanta da maganinta suna wuyanka. Idan ka san ba za ka iya ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ka shawarci mutanen gidanka tukuna, musamman idan akwai mai ciwon fuka, domin zama da kyanwa yana tayar wa wasu da ciwon. Ka tuna da 'yan tsakin gida da tantabaru, naka da na maƙwabta. Ba a banza Hausawa suka ambaci muzuru tare da shaho ba. Ka tanadi akurki mai murfi kafin ta iso.

2. Zaɓen 'yar kyanwa

Kada a raba 'yar kyanwa da uwarta kafin ta cika mako 8, in da hali a bar ta ta kai mako 12. Wadda aka cire da wuri takan yi laulayi, ta tashi da tsoro ko yawan cizo. Ka duba idanunta su kasance garau ba kwantsa, hancinta ba majina, kunnuwanta ba baƙin datti, gashinta sumul ba inda ya zube. Cikin da ya kumbura alhali jiki ya rame alamar tsutsa ce. Launin gashi kuwa ba ya nuna hali. Camfin da ake yi game da baƙar kyanwa ba shi da tushe, ita ma dabba ce kamar sauran.

3. Kwanakin farko

Ka ɗauko ta cikin kwali mai ƙofofin shan iska ko kwando mai murfi. Idan an iso, a sa ta a ɗaki guda, a ajiye mata ruwa da abinci da tsumman kwanciya. Za ta ɓuya ƙarƙashin gado kwana ɗaya ko biyu, kada a jawo ta da ƙarfi, da kanta za ta fito. A tsare ta cikin gida mako 2 zuwa 3 har ta saba, in ba haka ba za ta fita neman inda ta baro, ta ɓace. 'Yar ƙarama kuwa kada a sake ta waje sai ta gama rigakafi. A koya wa yara su tallafe ta da hannu biyu, kada su ja wutsiyarta, kada su tashe ta daga barci. Kyanwa takan yi barcin awa 12 zuwa 16 a yini, wannan ɗabi'arta ce.

4. Abinci da ruwa

Kyanwa maciyar nama ce. Jikinta yana bukatar wani sinadari mai suna taurin wanda ake samu a nama da kifi, rashinsa yana jawo makanta da ciwon zuciya. Don haka tuwo ko shinkafa zalla ba za su riƙe ta ba. A ba ta dafaffen nama, da kifin da aka cire wa ƙaya, da dafaffen ƙwai, ko abincin kyanwa na kanti ga mai hali. Ƙarama tana cin abinci sau 3 ko 4 a rana, babba sau 2. Ruwa mai tsabta ya kasance a gabanta kullum.

Mutane da yawa sun ɗauka madara ce abincin kyanwa. Gaskiyar magana, yawancinsu bayan yaye ba sa iya narkar da madarar shanu, sai ta sa su zawo. Albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini, saboda haka a guji ba ta ragowar miya. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soke ta a maƙogwaro ko hanji. Kuskure ne kuma a hana ta abinci wai don ta kama ɓera. Farauta halinta ne, mai ƙoshi ta fi ƙarfin yin ta, mai yunwa kuwa sata za ta koya.

5. Tsabta

A samo faranti mai zurfi ko tsohon daro, a zuba yashi, a ajiye nesa da inda take cin abinci da inda ake girki. A riƙa ɗora ta a kai bayan ta ci abinci, cikin 'yan kwanaki za ta gane, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A kwashe kashin kowace rana, a sake yashin kowane mako, a wanke hannu da sabulu. Mace mai ciki ta bar wa wani wannan aiki, domin kashin kyanwa yana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta mai illa ga ɗan tayi. Idan ta kawo mushen ɓera, kada a taɓa shi da hannu, a kwashe da shebur a binne.

6. Rigakafi da magani

Cikin makon farko ka kai ta asibitin dabbobi mafi kusa. Likita zai ba ta maganin tsutsa da na ƙuma, ya tsara mata allurai. Mafi muhimmanci ita ce allurar ciwon haukan kare, wanda kyanwa ma tana kamuwa da shi ta kuma sa wa mutum. Ana yin ta idan ta cika wata 3, a riƙa maimaitawa yadda likita ya rubuta. Ka adana takardar shaidar allurar.

Wanda kyanwa ta ciza ko ta yakushe shi, ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, sa'an nan ya tafi asibiti a ranar, musamman idan ba a san kyanwar ba ko halinta ya sauya. Da zarar alamun wannan ciwo sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya rayu. Allurar da ake yi kafin su bayyana ita ke ceto.

Kada ka ba kyanwa maganin mutane. Ƙwaya guda ta farasitamol tana iya kashe ta. Wasu magungunan ƙumar kare ma guba ne gare ta. Kada a zuba maganin ɓera a gidan da take, domin tana iya cin maganin ko ɓeran da ya ci shi. Idan ta yini ba ta ci abinci ba, ko ta yi ta amai, ko muzuru ya kasa fitsari, a gaggauta kai wa likita.

7. Haihuwa

Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4 zuwa 6. Cikinta kimanin mako 9 ne, takan haifi 'ya'ya 3 zuwa 5, kuma tana iya haihuwa sau 2 ko 3 a shekara. Wanda bai shirya wa wannan ba, likitan dabbobi yana yin ƙaramin aikin da ke tsayar da haihuwa ga mace, ya yi wa muzuru fiɗiya. Muzurun da aka fiɗiye yakan rage yawon dare da faɗa da fitsari a bango. Zubar da 'ya'yan kyanwa a juji ko bakin kasuwa zalunci ne, kuma yana ƙara yawan dabbobin da ke yawo ba rigakafi.

Jan hankali

Jama'a, rigakafi ya fi magani. Duk wanda ya ajiye kyanwa ya ciyar da ita, ya yi mata allura, ya tsabtace wurinta. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukumarsa ko na jiharsa. Idan ka gama karanta wannan ƙasida, ka karanta wa iyalinka, ka miƙa wa maƙwabcinka.