Baka Ba Ya Jin Laya

Tun da 'yan bindiga suka addabi gabashin Sakkwato, kwari da baka suka sauko daga inda aka rataye su. A Garu da ƙauyukan Illela, har bakin iyakar Ƙonni, hirar majalisa ita ce kowane saurayi ya nemi nasa. Gwamnatin jiha ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a watan Maris na 2024, amma wanda gonarsa ke nesa da kwalta bai fasa neman abin riƙewa ba, kuma ban ga laifinsa ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne zancen da ya biyo baya, wai harbi asiri ne: a ba ka laya ka ɗaura a damtse, kibiyarka ta bi abin harbi ko da ya sha kwana. Wasu kuma sun ce ƙarfi ne kawai, duk wanda ya iya ɗaga buhun gero ya iya harbi.

Na ga yadda wannan zance ya ƙare a bayan gari wata la'asar. Wani dattijon maharbi ya jingina buhun ƙaiƙayi a gindin aduwa, ya ƙirga taki 15, ya miƙa wa wani ƙaton saurayi baka. Yaron ya ɗana kibiya, ya ja har baka na kuka, ya saki. Ta farko ta wuce sama. Ta biyu ta caki ƙasa. A ta uku tsirkiya ta zabge shi a hannu, wurin ya tashi jawur.

"Baba, bakan nan bai da kyau."

"Ɗana, baka lahiya tai lau. Kai na kac canza sau ukku."

Tsohon ya gama maganar ke nan. Baka ba ya tunani. Abin da ka zuba masa shi yake mayarwa. In yau ka ja tsirkiya ta tsaya a gefen baki, gobe ta tsaya a kunne, jibi a haɓa, to baka uku ka harba, ba ɗaya ba. Mai awo da ke sauya mudu a kowane ciniki ba zai taɓa sanin abin da ke buhunsa ba. Telan da ma'auninsa ke miƙewa yana tsukewa, ko wandon ɗansa ba zai ɗinka daidai ba. Ku dubi mata biyu a turmi guda: ba wadda ta fi ƙarfi ke hana taɓare karo ba, faɗuwar da ke zuwa wuri ɗaya a lokaci ɗaya ce.

Lissafin ma ba shi da wuya. Kibiya mai tsawon santimita 70, in gindinta ya goce da santimita 2, kusan faɗin babban yatsa, a nisan mita 20 za ta kauce da fiye da rabin mita. Shi ya sa ake fara wa mai koyo da tsayuwa: ya juya wa abin harbi gefe, ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, hannun da ke riƙe da baka a miƙe ba tare da shaƙe shi ba. Ja kuma daga baya da kafaɗa yake fitowa. Wajen saki, yatsu ake sassautawa tsirkiya ta tafi da kanta, kuma ba a sauke hannu sai kibiya ta isa. Mai gaggawar leƙa inda ta faɗa shi ke karkatar da ita. Baka mai taushi ya fi wa sabon shiga, ko da abokai za su yi masa dariya.

Sai faɗuwa. Daga barin tsirkiya ƙasa ke janyo kibiya, kuma cikin rabin daƙiƙa ta kan sauka da sama da mita ɗaya. Wanda ya saba da taki 10, in aka mayar da shi 30, sabon karatu ya fara. Ga shi kibiyarmu ta kyauro ba ta da gashin tsuntsu a gindi kamar ta Turawa. Nauyin ƙarfen da maƙeri ya ƙera mata a kai shi ke riƙe ta a hanya. Kibiyoyi biyar masu nauyi daban-daban ba za su taru wuri ɗaya ba, ko a hannun Sarkin Baka. A gasar Olamfik ana harbi daga mita 70, tsakiyar allon kuma faɗinta santimita 12.2 ne kacal, amma matan Koriya ta Kudu sun ci zinaren ƙungiya sau 10 a jere, daga 1988 zuwa 2024. Ban ji an ce da laya suke zuwa ba.

Masu kafa hujja da tarihi kan ƙarfin baka suna da tasu gaskiyar. A Tafkin Kwatto, cikin watan Yuni na 1804, 'yan bakan jama'ar Shehu Usmanu ne suka karya dawakin Gobir. A Burmi, ranar 27 ga Yuli 1903, kibiya mai dafi ce ta kashe Manjo Marsh na sojan Ingila. Sai dai a wannan rana ce kuma bindigogi suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru da ɗaruruwan mutanensa, alhali mutane ne da suka tashi da baka a hannu tun suna bin garke. Duk babban mutumin da ya hau mumbari ya ce wa talakawa su kare kansu, sannan ya shige mota da 'yan sanda gaba da baya, ya san abin da AK-47 ke yi daga nisan da kibiya ba ta kaiwa.

Dafin shi ya fi ba ni tsoro. Kwankwanin da ake dafawa a shafa wa kibiya zuciya yake kamawa, kuma ƙwarzane ya ishe shi shiga jini. Maharban da suka gaje shi ba sa barin kwari inda yaro zai kai hannu, ba sa kuma ba mai koyo kibiya mai dafi. Yanzu kuwa samari na neman a shafa musu tun ba su iya samun buhu ba, a gidajen da yara ke rarrafe a tsakar gida.

Da na bar bayan garin, tsohon ya karɓe kibiyoyin duka ya zuba a kwarinsa. Ya matso da yaron taki biyar, ya sa shi yana jan tsirkiya zuwa gefen baki yana mayarwa a hankali, shi kuma yana zaune a kan buhun yana ƙirgawa.